Muhawara: Me ya kawo shuɗi cikin "out of the blue"?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masana Turanci a taimaka. Wannan magana ta Turawa, "out of the blue", na san dai ana nufin abu ya faru kwatsam, amma me ya haɗa ba-zata da shuɗi? Don me ba ja ba, ko baƙi? Aikin gida aka ba Ilham, kuma malamin ya ce kada wanda ya kawo masa ma'ana ba tare da asali ba.

Sarkin Zolaya: Wa alaikumus salam. Ai amsar a fili take Hajiya, bular wanki ce. Ki tsoma farar riga a bula, kafin ki ankara ta rikiɗe. Ta rubuta haka, in aka ba ta sifili ni zan biya.

Maman Ilham: Allah ya shirye ka.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam Hajiya. "The blue" a nan sararin sama ake nufi, a ranar da gari ya yi wasai babu ko ɗigon girgije. Maganar guntuwa ce, an sare mata kai. Cikakkiyarta ita ce "a bolt out of the blue" ko "a bolt from the blue", wato tsawa ta faɗo daga sama alhali babu hadari. Kin ga idan hadari ya haɗo ya yi baƙi ƙirin, kowa ya kwashe shanyarsa ya kira yara cikin gida, to ko tsawa ta faɗi ba wanda zai ce an shammace shi. Wadda ake magana a kai ita ce mai sauka rana na ƙwallewa. Nauyin maganar duk yana kan wannan sama mai haske da ba ta ba kowa alama ba.

Akwai kuma bambanci wurin amfani da su, shi ne abin da masu gyaran jarrabawa ke so su gani. "Out of the blue" ta zama maganar yau da kullum, tana shiga alheri, tana shiga sharri, tana shiga abin da bai taka kara ya karya ba. Abokin da kuka rabu tun firamare ya kira ka a waya, za ka iya cewa ya kira "out of the blue". Ita kuwa "a bolt from the blue" sunan labarin ne shi kansa, kuma galibi labari mai kaɗa hanji: takardar sallama daga aiki, rasuwar wanda kuka rabu da shi lafiya lau jiya. Ba kasafai Bature zai kira kyautar sallah da wannan suna ba.

Abba na Kurna: Malam, ni abin da na gani a intanet daban ne. An ce daga fagen yaƙi maganar ta fito. "Bolt" wai kibiya ce ta wani irin baka da Turawan zamanin da suke ɗanawa a kan katako, a saki da kunama kamar bindiga. Tana tafiya nesa, soja yana tsaye sai dai ya ji ta a jikinsa daga sama bai ga wanda ya harbo ba.

Malamin Turanci: Rabin maganarka gaskiya ne Abba. Ma'anar "bolt" ta asali ita ce wannan gajeriyar kibiya mai kauri. Amma tun ƙarni na 15 Turawan Ingila ke kiran saukar aradu "thunderbolt", wato kibiyar tsawa. Kalmar ta daɗe da ƙaura daga hannun maharba zuwa sama kafin a fara jin wannan karin magana. Sannan ka tambayi kanka, in kibiyar yaƙi ce, me ya sa za a damu da launin sama? Kibiya ba ruwanta da hadari, ko ana ruwa ko ana rana za ta same ka. Tsawa ce kaɗai rashin girgije ke mayar da ita abin mamaki. Irin waɗannan labarai masu daɗi sun cika intanet, kusan kowane karin magana an ƙaga masa nasa, wanda ya fi daɗin ji kuma shi ya fi yawo.

Abba na Kurna: To wa ya fara faɗar ta? Ai dole akwai wanda ya fara.

Baba Dakta: Wanda ƙamusoshi suka fi ambata shi ne Thomas Carlyle, marubuci ɗan Sikotlan, a littafinsa na tarihin juyin juya halin Faransa da ya fito a 1837. Ga jimlar yadda ya rubuta ta: "Arrestment, sudden really as a bolt out of the Blue, has hit strange victims." Wato kamu ya sauka kwatsam kamar tsawa daga sama garau, ya faɗa kan waɗanda ba a zata ba.

Sai an san su waye aka kama za a ji daɗin jimlar. Watan Maris ne na 1794, lokacin da ake fille kawuna a Paris ba ƙaƙƙautawa. Waɗanda aka kama ba sarakai ba ne, ba kuma magoya bayan sarki ba. Su ne 'yan gaba-dai-gaba-dai na juyin shi kansa: Jacques Hébert, mai wata jarida mai baƙin baki da ake kira Le Père Duchesne, wadda kullum take kiran a ƙara kashewa, da abokansa irin su Ronsin da Vincent da Momoro. Mutanen da suka saba nuna wa wasu yatsa a tafi da su. An kama su a daren 13 ga Maris, aka hau da su kan na'urar fille kai ran 24 ga wata. Ba a rufa mako biyu ba Danton, wani jigon juyin, shi ma ya bi su, ran 5 ga Afrilu. Shi Robespierre, jagoran masu mulkin lokacin, da ya ga bayansu duka, nasa kan ya faɗi a ƙarshen Yuli na wannan shekarar.

Bari in ɗan ratse, don shi kansa littafin yana da nasa labarin. Carlyle ya gama juzu'i na farko da hannu, ya ba abokinsa John Stuart Mill ya duba masa. A watan Maris na 1835 Mill ya zo gidansa da dare fuska ba jini, ya ce takardun sun ƙone. Labarin da ya shahara shi ne mai aikin gida ce ta ɗauka tarkace ne ta hura wuta da su. Babu wani kwafi. Haka Carlyle ya zauna ya sake rubuta shi daga farko. Mill ya miƙa masa fam 200 na rage asara, ya karɓi 100.

Sarkin Zolaya: Baba Dakta, ai wannan da ni ne da Mill ɗin zan hura wutar. Fam 100 kuma!

Maman Ilham: Ke nan a rubuta Carlyle ne ya ƙirƙiro ta a 1837?

Baba Dakta: A'a 'yata, kada ta rubuta haka. Ta ce yana cikin tsofaffin wuraren da aka same ta a rubuce da Turanci, kuma shi aka fi kafa hujja da shi. Samun magana a rubuce daban, haihuwarta daban. Dubi yadda ya kawo ta ma, bai tsaya yin bayani ba, alamar ya san mai karatu zai gane hoton.

Ɗan Ƙonni: Gaisuwa ga manya. Ni dai wanga zance na Ingilishi sun ƙirƙiro bai kwanta mani ba. Mu da munka yi lakwal da Faransanci, tun muna yara mushe ya koya muna "un coup de tonnerre dans un ciel serein", tsawa cikin sama mai natsuwa. Hoto guda ne, sai dai su ba su ambaci kibiya ba. Kuma kun ce littafin kan tarihin Faransa yake. Ba mamaki can ya tsinto ta cikin takardun da ya karanta.

Baƙon Jamus: In dai tsintuwa ce, mu ma muna da da'awa. A nan ana cewa "wie ein Blitz aus heiterem Himmel", kamar walƙiya daga sama mai haske. Kuma su ma sun gajarce ta yadda Ingilishi suka yi, sai ka ji mutum ya ce "aus heiterem Himmel" kawai, ya bar walƙiyar. Maƙwabciyata tsohuwa kullum da shi take ba da labarin ciwon ƙafarta. Carlyle kuwa sananne ne wajen Jamusanci, shi ya fassara wani babban littafin Goethe, shahararren marubucin Jamus, zuwa Turanci a 1824, har wasiƙu suka riƙa yi wa juna. Masu sukarsa ma sun sha cewa Turancinsa warin Jamusanci yake yi. In za a zargi wani harshe, ni Jamusanci zan fara nunawa.

Ɗan Ƙonni: Kowa dai gwaninsa yake yaba.

Malamin Turanci: Ku duka biyu kuna jayayya a kan rassa, saiwar tana Rum. Duk ɗan bokon Turai na wancan zamani, Bafaranshe ne ko Bajamushe ko ɗan Sikotlan, da Latin aka yaye shi, kuma akwai wata waƙa ta Horace da suke haddacewa. Horace mawaƙin Rum ne, ya rayu daga shekara ta 65 zuwa ta 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A waƙa ta 34 cikin kundinsa na farko yana cewa shi da mutum ne mai sakaci da bautar allolinsu, yana bin falsafar masu cewa alloli ba ruwansu da duniya. Sai ran nan ya ji Jupiter, babban abin bautarsu, ya yi tsawa a sama garau ba girgije. Ya ce daga nan ya juya akalar jirginsa ya koma inda ya baro.

Abin da ya sa wannan ya girgiza shi, akwai wani mawaƙi kafinsa, Lucretius, wanda ya kafa hujja da tsawa. Cewa ya yi, in da gaske Jupiter ne ke jefo ta, me ya sa bai taɓa jefowa ba sai da girgije? Ashe sai ya jira hadari ya haɗu? A wurinsa wannan ya nuna tsawa aikin girgije ne kawai. To Horace raddi yake yi masa: ga ta nan na ji, ba girgije.

Virgil, wani mawaƙin Rum, shi ma ya kawo ta, cikin alamomin da ya ce sun biyo bayan kisan Julius Caesar, shugaban Rum, a shekara ta 44 kafin Miladiyya, ya ce ba a taɓa ganin walƙiya ta yawaita daga sama mai haske kamar lokacin ba. In aka ƙara komawa baya akwai Girkawa. A waƙar Odyssey, ana gab da ranar da gwarzon zai ɗauki fansa, an yi tsawa da asuba. Wata baiwa da ke niƙa, sauran mata duk sun gama sun kwanta ita ta rage don ta fi su rauni, ta tsayar da dutsen niƙanta ta ce an yi tsawa ga taurari a sama ba girgije ko ɗaya, lallai alama ce ga wani. Sai ta roƙi wannan ya zama cin abincin ƙarshe na waɗanda suka karya mata gwiwa da niƙa.

Kun ga a wurin mutanen da, tsawar sama garau saƙo ce. Turancin yau ya zubar da saƙon ya riƙe mamakin.

Ɗalibi a Sin: Malam, da girmamawa, ina da ja. In daga Horace kowa ya ɗauka, su Sinawa fa? Suna da "qing tian pi li", tsawa a sama mai haske, kuma ma'anarta daidai da ta Turanci, mummunan labari na ba-zata. Malamarmu ta ce ana danganta ta da mawaƙi Lu You na zamanin daular Song, wanda ya rayu daga 1125 zuwa 1210. Japanawa ma sun ara, suna cewa "seiten no hekireki". Wannan bawan Allah bai taɓa jin sunan Horace ba. Abin dariyar ma, shi ba mummunan labari yake nufi ba. Ya daɗe kwance ba lafiya, sai ya zabura cikin dare ya kama rubutu, yake kwatanta ƙarfin alƙalaminsa da tsawa a sama garau. Daga baya mutane suka karkatar da ita.

Malamin Turanci: Madalla, wannan ƙari ne mai amfani. Amma ban ce duniya duka daga Horace ta ɗauka ba. Na ce harsunan Turai. Faransanci, Jamusanci, Italiyanci, Rashanci, duk suna da ita da siffa kusan ɗaya, kuma duk sun sha daga rijiya ɗaya ta Latin da Girkanci.

Ɗalibi a Sin: To ai nan ne nake ja, Malam. In Basine zai iya ƙago ta da kansa don ya ga sama ya ga tsawa, me zai hana manomin Jamus ya ƙago tasa ba tare da ya san Latin ba? Kamanni ba ya tabbatar da gado.

Malamin Turanci: Ba ya tabbatarwa, amma in ka ga mutane sun yi makaranta ɗaya, sun haddace waƙa ɗaya, sannan suka fito da magana ɗaya, ba za ka ce haɗuwar jini ce ba.

Baba Dakta: Ni ina ganin yaron nan yana da ƙafar tsayawa, Malam ma yana da ita. Hoton na kowa ne, amma hanyar da ya bi ya shiga rubutun Turai ta bi ta makaranta. Ga misali na kusa da zai nuna yadda take raye a can. Ran 11 ga Fabrairu 2013 Fafaroma Benedict na 16 ya sanar da murabus ɗinsa, da harshen Latin, a gaban manyan limaman cocin. Rabon da wani Fafaroma ya sauka da ransa tun 1415. Shugaban majalisar limaman, Angelo Sodano, da ya tashi mayar da jawabi, cewa ya yi saƙon ya sauka a zauren "come un fulmine a ciel sereno", kamar tsawa a sama garau. A yammacin wannan rana kuma tsawa ta gaske ta sauka a kan ƙubbar cocin St. Peter, masu ɗaukar hoto suka kama ta. Jaridun Turanci suka samu abin da suke so, kanun labarai ko'ina "bolt from the blue".

'Yar Kimiyya: Sai dai Baba, waccan ta kan ƙubbar ba daga sama garau ta zo ba, ana hadari ne a Rum a daren. 'Yan jarida dai ba sa barin gaskiya ta ɓata musu kanu.

Tun ɗazu nake jira a zo wajen da zan sa baki. Abin yana faruwa da gaske, kuma masana yanayi a Amurka da wannan sunan suke kiransa, "bolt from the blue". Walƙiyar tana fita ne daga gefen girgijen hadari ta can sama, ta yi tafiya a kwance cikin sarari, sannan ta karyo ta sauka ƙasa nesa da inda ake ruwa. Tana iya sauka mil 10 daga hadarin, wajen kilomita 16, wani lokaci ma fiye. Wanda ta faɗa kusa da shi zai rantse ba hadari, don bisa kansa sama tas take. Hadarin yana can bayan tsauni ko bayan gine-gine, ko ya ga shi can gefe ya ce ai wannan ba namu ba ne. Ƙarar tsawa kuma ba kasafai ake jin ta ba in ta wuce wannan nisa, shi ya sa ba gargaɗi. Don ku san irin tafiyar da walƙiya ke yi a kwance, hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar da wata da aka yi ran 29 ga Afrilu 2020 wadda ta ratsa jihohin Texas da Louisiana da Mississippi, tsawon kilomita 768, duk da ita cikin gajimare ta bi.

Ke nan a rigimar mawaƙan nan biyu, Lucretius ne ya fi kusa da gaskiya. Girgijen yana nan, Horace ne bai gan shi ba.

Abba na Kurna: Anti, to yaya mutum zai san nisan hadari? Mu da ke ƙwallo da yamma a fili.

'Yar Kimiyya: Da ka ga walƙiya fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Amma ƙa'idar da ta fi sauƙi: in kunnenka ya ji tsawa, to tana iya kai wa gare ka, ku tattara ku shiga gini ko mota mai rufi. Ba gindin bishiya ba, nan ne makiyaya ke asarar shanu garke guda. Kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma fili. Mutane da yawa bayan ruwa ya ɗauke abin ke samunsu, sun ga gari ya washe sun fito.

Baba Dakta: Wannan bayani na 'yata ya sa na koma kan Hébert. Kwana tara kafin a kama su, ran 4 ga Maris, a ƙungiyarsu ta Cordeliers sun lulluɓe allon da aka rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam da baƙin ƙyalle, suka yi kiran a yi bore. Jama'ar Paris ba su fito ba. A ranar da za a kama su Saint-Just, na hannun daman Robespierre, ya tashi a majalisa ya yi dogon jawabi kan 'yan ƙungiyoyin da ya ce ƙasashen waje ke juya su. Wanda ya kira bore a kan masu riƙe da na'urar fille kai, boren kuma bai tashi ba, ina sama garau a nan? Su ne dai suka ɗauka hadarin na wasu ne.

Alaramma: Allah ya saka wa malamai. Ɗan abin da zan ƙara ta ɓangarenmu. Kalmar aradu da muke faɗa daga Larabci take, ar-ra'ad, sunan sura ta 13 ke nan. Haka bagatatan, daga "bagtatan", wadda Alƙur'ani ya yi amfani da ita a kan tashin Alƙiyama, kamar a Suratul A'araf aya ta 187, cewa ba za ta zo muku ba sai kwatsam. Sannan batun kibiyar tsawa da Malam ya yi ya tuna mini da gatarin aradu. Manoma kan tsinci wani dutse mai santsi mai baki kamar gatari, a ce shi ne aradu ke jefowa. Har ana ajiye shi a gida.

'Yar Kimiyya: Allah gafarta Malam, Turawa ma sun yi wannan imani ɗaruruwan shekaru, suna kiransu duwatsun tsawa, suna sa su a bango don kariya. Daga baya aka gane gatura ne na mutanen zamanin dutse, hannu ne ya wasa su.

Bazazzagi: Duk kun tafi Rum da Sin kun bar wadda ke gabanmu. A Najeriya "out of the blues" muke cewa, da "s". Ka buɗe jarida ka gani, ka saurari 'yan siyasa ka ji. Ni ban ga laifinsa ba.

Malamin Turanci: Kuskure ne, kuma ina jan layi ja a ƙarƙashinsa duk inda na gan shi. Sama ɗaya ce. "The blues" wani abu ne daban, ƙunci ne da damuwa, shi ne kuma sunan kiɗan baƙaƙen fatan kudancin ƙasar Amurka. In ka ce abu ya zo "out of the blues" ka ce ya fito daga cikin baƙin ciki. Akwai ma masu cakuɗa ta da "once in a blue moon", alhali waccan abin da ba kasafai yake faruwa ba take nufi, ba ruwanta da ba-zata.

Bazazzagi: Malam, wa ya ba Ingila sarautar harshen har abada? A Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da Kannywood da okada da danfo da "next tomorrow". Ita "next tomorrow" ɗin nan shekara nawa kuka yi kuna dukan yara a kanta? Yau ga ta a ƙamus. Kuma kai da bakinka ka ce su ma Turawan sare wa maganar kai suka yi. Su in sun yanke ado ne, mu in mun ƙara harafi ɗaya laifi?

Malamin Turanci: Su da suka yanke, ma'anar ba ta motsa ba. Kai da ka ƙara, ka faɗa cikin wata kalma mai tata ma'anar. Okada da danfo sun shiga ne don Bature ba shi da sunan abin, sun cike gurbi. Wannan wane gurbi ta cike? Ran da Oxford ta karɓe ta zan ajiye jan birona. Kafin nan, mai gyaran WAEC ba zai tambayi ra'ayinka ba.

Bazazzagi: Ai da ma haka ake shiga ƙamus ɗin, sai an yi ta faɗa ana shan jan biro.

Anti Mai Fassara: Ku bar Turancin haka nan, ni matsalata in labari ya zo teburina da wannan magana minti goma kafin a shiga studiyo. "Out of the blue" ba ta ba ni wahala: kwatsam, ba zato ba tsammani, rana tsaka, ko "sai ga shi kamar daga sama". Rana tsaka ma ta fi burge ni, don tana ɗauke da wannan haske na gari lafiya lau. Wadda na taɓa ji wani sabon ma'aikaci ya karanta ita ce "daga cikin shuɗi", masu sauraro suka yi ta kira suna tambaya ko marina ake nufi.

Sarkin Zolaya: Kun gani! Bular nan dai tawa.

Abba na Kurna: Anti, "tsuntsu daga sama gasasshe" fa? Ai shi ma daga sama.

Anti Mai Fassara: Wannan na alheri ne kaɗai, ƙanina, samu ne ba wahala. Ka ce wa wanda aka kora daga aiki ya samu tsuntsu daga sama gasasshe ka ga abin da zai biyo baya. Wasu kuma kan kawo "ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa", ita ma ba daidai ba ce, don a nan ana zaton wutar, wurin ne aka kuskure. Ta fi kusa da wata maganar Amurkawa, "out of left field", wadda suka samo daga wasansu na besbol. Ga "a bolt from the blue" ni "kamar saukar aradu" nake sawa. Maganar Sodano da Baba Dakta ya kawo, zan ce: sanarwar ta sauka a zauren kamar saukar aradu.

Ɗan Ƙonni: Hajiya, kin ko jefar da rabin zancen. Tun farko Malam ya ce nauyin yana ga sama garau. Saukar aradu ko cikin damina ana yin ta. Ki ce "kamar aradu da rani".

Anti Mai Fassara: Yana da daɗi, amma ba a faɗar sa. In na karanta "aradu da rani" mai sauraro zai tsaya tunanin wace aradu ce kuma da rani, kafin ya dawo na wuce labari biyu. A rediyo abin da kunne ya saba da shi ake ba shi. In ina son hasken sai in haɗa: ana zaune ƙalau, rana tsaka, sai sanarwar ta sauka kamar aradu.

Ɗan Ƙonni: Kalma goma sha ɗaya wurin da Bature ya sa biyar.

Anti Mai Fassara: Shi kuma in ya tashi fassara "kwatsam" sai ya sa huɗu. Kawo mini "aradu da rani" daga bakin tsohuwa ɗaya a kasuwar Ƙonni, gobe in karanta shi a labaran rana.